Jam'iyya ta rushe, Inna ta ƙi rabuwa da zanenta

Ɗan_Bilbis:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun ranar Juma'a, na ce bari in kawo ta nan.

Na je ƙauye gaida Inna, na iske ta zazzage akwatinta tana shanya kaya a igiya. Cikin kayan har da wani tsohon koren zane na jam'iyyar MNSD Nassara mai hoton Baba Tanja, tsohon shugaban Nijar, ya koɗe har fuskar ba ta fita sosai. Na ce Inna, wannan ai ya gama aiki, jam'iyyun ma an rushe su gaba ɗaya tun watan Maris na 2025, shi kuma Tanja ya rasu tun 2020. Ta karɓe zanen daga hannuna, ta ninke, ta mayar da shi can ƙasan akwati. Ta ce ko gobe aka dawo da zaɓe, inda ta saba dangwalawa nan za ta dangwala.

Dalilinta na san shi. A 2007 yayata ta kwana biyu tana naƙuda, aka ɗauko ta a amalanke zuwa bakin hanya, daga nan mota ta kawo ta Tawa. Aka ce sai an yi mata aiki an ciro ɗan. Babanmu har ya aika a kama san noma guda ɗaya da muke da shi a kai kasuwa, sai aka gaya masa aikin kyauta ne. San bai bar gida ba, yayata ta tashi, yaron yau ya fi ni tsawo.

Ni kuwa jam'iyyar Tarayya ta tsohon shugaban ƙasa Isufu na yi tun zaɓena na farko a 2011. In ka matsa mini da tambayar dalili, abin da zan ce shi ne Isufu ɗan Dandaji ne, namu ne, kuma duk fadarmu can ta karkata. Sai na ga dalilin Inna ya fi nawa nauyi. Amma abin da nake son sani: in gwamnati ta yi maka aiki irin wannan, ya zama bashi ke nan da za ka yi ta biya da ƙuri'a har ƙarshen rayuwa? Ku kuma me ya riƙe ku a jam'iyyun da kuka yi?

Hajiya_ta_Wadata:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka bar tsohuwa da zanenta. Kai namiji ne, ba ka san abin da ake ji ba in ɗiyarka na kwance tana kiran sunanka, kai kuma ba ka da ko dala a bakin zane. Mu da muka haihu kafin a yi wannan doka mun ga matan da aka riƙa tsayawa da su a gida ana jiƙa rubutu, ba don rashin sanin hanyar likita ba, don tsoron kuɗin. Wanda ya cire maka wannan tsoron ba ka mance shi. Yaba kyauta tukwici.

Mushe_Ilela:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma a nan zan ɗan saɓa miki. Kalmar kyauta ɗin nan ita ce ta ɗaure mu shekara da shekaru. Tanja bai sa hannu a aljihunsa ba. Shirin nan na musamman da ya gina ɗakunan shan magani da azuzuwa da rijiyoyi a ƙauyuka, da kuɗin yafe bashi aka yi shi. Nijar ta shiga tsarin sassauta wa matalautan ƙasashe bashi a ƙarshen 2000, ta cika sharuɗɗansa a 2004, kuma sharaɗin shi ne kuɗin da za a biya masu bin bashi a zuba su a lafiya da ilimi da karkara. Dukiyar ƙasa ce ta koma wa 'yan ƙasa. In na biya mai gini ya yi mini ɗaki, zan ce masa sannu da aiki, amma ba zan zama bawansa ba.

Hajiya_ta_Wadata:
Mushe, na ji. To shugabanni nawa ne kuɗin ƙasa suka bi ta hannunsu ba mu ga ko bulo ɗaya a ƙauye ba?

Mushe_Ilela:
Wannan kuma gaskiya ne, ban musa ba.

Majo_mai_ritaya:
Ku ba ni dama in sa baki, don ni a cikin abin na tsufa. Shekara ashirin da shida ina aikin jinya, mafi yawa a CSI, wato ƙananan asibitocin karkara.

Da farko gyara kaɗan. An fara da aikin ciro jariri a ƙarshen 2005, sannan a 2006 aka ƙara da yara 'yan ƙasa da shekara biyar da awon ciki. Kafin nan kowa biya yake, tun da aka kawo tsarin nan na majinyaci ya ɗauki wani kaso na kuɗin magani a shekarun 1990. Na ga bambancin da idona. Da, uwa ba ta kawo yaro sai ya sanƙare, idanu sun juye. Bayan an ce kyauta ne, sai ga mata tun zazzaɓi na kwana ɗaya. Lokacin damina, watan takwas da na tara, benci ba ya isa, a ƙasa suke zama har gindin bedi. Yara da yawa da ke yawo yau wannan ne sanadin rayuwarsu, bayan ikon Allah.

Amma ga ɗaya gefen da Inna ba ta gani ba. Tsarin shi ne mu yi magani, mu cika takardu, mu aika, gwamnati ta mayar mana da kuɗin mu sake sayen magani. Kuɗin nan sai ya yi wata da watanni bai zo ba, wani lokaci shekara ta zagayo. Kantar magani ta koma fayau. Uwa ta zo da yaro jiki rau, an gaya mata a rediyo kyauta ne, ni kuma sai in rubuta mata takarda in ce je ki farmasi ki saya. Ta dube ni, a zuciyarta ni na sace maganin. Wata tsohuwa ta taɓa ce mini, “Shugaba ya ba mu, ku kun hana.” Na koma gida ranar ban iya cin tuwo ba.

Don haka ni in aka ce wane ya yi aiki, tambayata ita ce: ya sa kuɗin aikin a kasafi, ya kuma fitar da su a kan lokaci? Sa hannu a takarda ba wuya.

Ummu_Halima:
Allah ya saka muku da alheri Baba Majo. Wallahi ni ma na taɓa yi wa wani ma'aikacin jinya wannan zargin a zuciyata. Allah ya yafe mini.

Baadare_a_Abijan:
Ni dai ban taɓa yin jam'iyya ba, kuma ba ni yi. Shekara goma sha bakwai ina wanga gari. Abin da anka ci gidanmu tun rasuwar tsohonmu, daga nan ya fito. Rufin kwano, auren ƙannena mata ukku, buhun hatsi duk watan bakwai in rumbu ya ƙare, duka ta kamfanonin aika kuɗi na Nita ko Al Izza sunka iso. Ku tahi kowane gari na Adar da rani ku ƙirga maza nawa ka gida. Wasu na nan Kodebuwa, wasu Libiya, wasu Aljeriya, wasu Kamaru. 'Yan bida su ne gwamnatin Adar. Da jam'iyyun nan sun yi abin kirki, mi zai kawo ni in kwana bakin shago ƙasar mutane?

Ɗan_Bilbis:
Yaya na Abijan, maganarka ta taɓa ni, don ƙanena ma yana Tamanrasat. Amma ranar da yayata ke kwance, ko da akwai mai aiko kuɗi, kuɗin ba su yin tiyata. Sai da likita da ɗakin aiki da wuta. Wannan ɗan bida ba ya iya gina shi shi kaɗai.

Baadare_a_Abijan:
Hakanan ne ƙanena. Wagga kam ka yi gaskiya.

Maman_Nana_Bagaruwa:
Ina karanta ku tun ɗazu, bari ni ma in faɗi nawa. Ina cikin matan da suka samu tallafin jika goma duk wata, wanda aka yi shekara biyu ana ba mu. Mijina ya tafi Libiya a lokacin, wata bakwai ba labari, ga yara huɗu. Wanda ke birni zai ce me jika goma za ta yi. Ni na san abin da ta yi. Watan farko hatsi na auna da sabulu da takalmin babbar ɗiyata don ta koma lakkwal. Daga wata na uku muka haɗu mu goma sha biyar muka sa adashi, kowa jika biyu. Da kwasata ta zo na sayi akuya mai ciki. Akuyar nan ita ta zama uwar duk bisashen da ke gidana yau, kuma da kuɗin ɗan bunsurunta na fara tuyar ƙosai.

Ba kuɗi kaɗai ba ne. Ana tara mu ana yi mana bayani kan ba jariri nono zalla har wata shida, da wanke hannu, da kwana cikin gidan sauro. Autana da na bi wannan da shi bai yi rashin lafiyar da yayyensa suka yi ba.

Lokacin Isufu aka yi, don haka Tarayya na zaɓa sau biyu, ban ɓoye ba. In wani ya ce an saye ni, shi ya sani. Ni na san daren da na kwana ina jujjuya tukunyar da ba komai cikinta don yara su ji motsi su yi barci.

Mushe_Ilela:
Maman Nana, ba wanda zai ce an saye ki. Sai dai a sani, kuɗin wannan shirin daga Bankin Duniya suka fito, kuma an yi shi a jihohi biyar tun farko: Tawa, Maraɗi, Damagaram, Doso da Tilaberi. Har garuruwan da ba su zaɓi jam'iyya mai mulki ba sun samu.

Maman_Nana_Bagaruwa:
Mushe, ni ban san Bankin Duniya ba, ban taɓa ganinsa ba. Wanda ke kan kujera shi muke kama da laifi in yunwa ta zo, to in alheri ya zo ma shi za mu ba.

Alhaji_mai_Albasa:
Ku yi haƙuri, zan faɗi abin da ba a son ji. Raba kuɗi hannu da hannu yana kashe zuciya. Ina noman albasa a wajen Galmi, kuma na sha neman 'yan ƙwadago lokacin dashe in rasa, a ce mini ana rubuta suna a gari, kowa ya tafi layi. Da kuɗin da ake rabawa aka zuba su a madatsun ruwa, da rumbunan ajiyar albasa, da hanya mai kyau, da kowa ya ci da guminsa. Mu lokacin girbi buhu faɗuwa yake warwas saboda kowa ya fitar lokaci ɗaya, ba wurin ajiya, rabi ya ruɓe. Bayan wata biyar kuɗinsa ya ninka, amma a hannun wanda ya iya ajiyewa. Shirin 3N da aka kawo a 2012, wato 'yan Nijar su ciyar da 'yan Nijar, sunansa ya yi mini daɗi ƙwarai, shi ya sa ma na bi su. Na samu injin ban ruwa a farashi mai sauƙi, ban ƙi faɗa ba. Amma abin da aka yi bai kai abin da aka faɗa ba.

Ummu_Halima:
Alhaji, da girmanka, matar da mijinta ya ɓace a Libiya da yara huɗu, wace zuciya ce jika goma za ta kashe mata? Ba ka ji akuya ta saya ba?

Alhaji_mai_Albasa:
Ɗiyata, ba da irin su Maman Nana nake ba, Allah ya sani. Da ƙarti majiya ƙarfi nake.

Yar_Keita:
Tsakanin Alhaji da Maman Nana akwai hanya ta uku, mu mutanen Keita mun gan ta. Froje Keita ya fara a 1984 da kuɗin Italiya, bayan farin da ya cinye komai. Maza sun watse bida, mata ne suka yi aikin. Mahaifiyata na cikinsu. Tana ba ni labari yadda suke fita tun asuba, gammo a ka, suna jidar duwatsu daga tudu suna jera su don tare ruwa, suna haƙa ramuka a fako ana dasa itace. Ladan ba kuɗi ba ne, cimaka ce: hatsi, mai, wani lokaci gwangwanin kifi. Har ta rasu akwai tabo a tsakiyar kanta inda gashi bai sake fitowa ba.

Yau in ka bi wasu wuraren da ta ce da ko ciyawa ba ta fitowa, itatuwa ne da gonaki. An ba su abinci, sun ba ƙasa aiki. Kuma abin da ya sa na kawo maganar, lokacin ba jam'iyya ko ɗaya. Ba wanda ya ce mata sai kin ɗaura zanen wane. Da siyasa ta zo a 1991 aka yi ta zuwa neman ta, don mata na jin maganarta, ta ce ita jam'iyyarta duwatsun nan ne.

Dattijo_Garkawa:
Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ɗiyata. Matan Keita sun yi abin da maza ba su yi ba.

Ni na ga mulki tun na Diori. Mahaifina ɗan Sawaba ne na Jibo Bakari. An hana jam'iyyar a 1959, ya sha wuya saboda ita, ya yi shekaru ba ya iya faɗin sunanta sai cikin ɗaki, amma har ya koma ga Allah bai canza ba. Sawaba ba ta gina masa rijiya ba, ba ta ba shi ko ƙwayar hatsi ba. Abin da ya riƙe shi, ya ce su ne suka fara gaya wa talaka shi ma mutum ne, ba a ɗora masa kaya a tilasta shi. Don haka ku yara da kuke auna biyayya da abin da aka samu, ku sani akwai wadda ba ta da alaƙa da samu.

Ni kuma abin da ya tsaya mini shi ne yunwa. Na ga ta 1973 da 1974, wadda ta tafi da mulkin Diori a watan Afrilu. Na ga wadda aka kira El Buhari a 1984, lokacin da aka rufe iyakar Najeriya ga fari ga rashi. Kunce, shugaban ƙasa na lokacin, ba wasa gare shi ba, mutane na tsoronsa, kuma akwai waɗanda suka sha ɗauri ba shari'a, ba zan ɓoye ba. Amma rumbunan OPVN, hukumar cimaka ta gwamnati, suna da hatsi, kuma mai gari bai isa ya karkatar da buhu ba. Da aka kafa MNSD daga abin da ya bari, can na shiga, don ina ganin gidansa ne. Na zauna cikinta har 2005. Shekarar nan, bayan fara ta ci gonaki a 2004, tiyar hatsi ta gagari talaka, mata na tonon gidan tururuwa, ana ce mana daga sama ba yunwa ba ce. Daga ranar ban sake zuwa mitin ba. Ban shiga wata ba, na dai zauna gida.

Ɗan_Bilbis:
Baba, wannan ya ba ni mamaki. Mutum ɗaya, Inna ta riƙe shi saboda 2007, kai ka bar tafiyarsa saboda 2005.

Dattijo_Garkawa:
Haka ne ɗana. Ita jikanta ta gani, ni kuma na ga jikokin maƙwabcina biyu da aka rufe mako guda.

Lumana_har_gobe:
Daga Yamai nake bin ku. Duk wanda ya yi magana a nan ya yi jam'iyyar da ta hau mulki ne. Ku tambaye mu da muka yi shekaru a adawa. Tun da aka kafa Lumana a 2009 nake cikinta. Ba mu da abin rabawa, sai ma asara. Na yi shekara shida ina ajiye takardun neman aiki, waɗanda muka gama tare da su da ba su kai ni maki ba suka shige, saboda suna da wanda zai ɗaga musu waya. Kun san abin da muke kira PAC, dangi da abokai da 'yan sani. An zo har gida an ce in sauya sheƙa a duba lamarina, na ƙi. Ranar da jagoranmu Hama Amadu ya rasu a watan Oktoba na 2024 na yi kuka kamar ubana ne. Me ya ba ni? Ba komai. Na dai yarda da shi, kuma mutanen da muka sha hayaƙi mai sa hawaye tare sun zama 'yan uwana.

Guri_ɗan_Kalfu:
To ai ku ma kun ci gwamnati daga 2011 zuwa 2013, shugabanku ne ke riƙe da majalisa. Kuma Hama ya yi shekara bakwai yana firaminista zamanin Tanja. Kada a mayar da mu kamar mu kaɗai muka taɓa mulki. Ku zo Tawa ku ga abin da aka yi a Tawa Sakola ta 2017, shirin ƙawata garin don bikin ranar jamhuriya, tituna da fitilu da gine-gine. Da can wa ya tuna da mu?

Lumana_har_gobe:
Titi na gani. Azuzuwan zana fa? Ka manta yaran da suka ƙone a unguwar Pays-Bas a nan Yamai a watan Afrilu na 2021, da na Maraɗi a watan Nuwamba?

Mai_kula_da_zaure:
Jama'a a yi hattara. Ɗan Bilbis ya tambayi abin da ya riƙe kowa, bai ce a buɗe shari'ar jam'iyyu ba. Kowa ya faɗi nasa ba tare da nuna ɗan uwansa da yatsa ba. Allah ya jiƙan yaran nan, ya ba iyayensu haƙuri.

Guri_ɗan_Kalfu:
Amin. Na janye zafin maganata. Abin yaran nan ya ƙona kowa, ba ruwansa da jam'iyya. Nawa dalilin shi ne ɗiyar yayana. Ta ci jarrabawar shiga kwaleji amma ba kwaleji a garinsu, ba kuma gidan da za a amince a ajiye ta, sai maganar aure ta taso. Da Bazum, wanda ya gaji Isufu, ya zo da batun gidajen kwana na 'yan mata, shi ne abin da na fi riƙewa a duk alkawuransa, don na san yara mata nawa ne karatunsu ke mutuwa a daidai wannan gaɓar.

Kabukabu_227:
Ni shekarata ashirin da shida. Gaskiya ba wani aiki da ya sa na bi jam'iyya. Lokacin kamfe ana zuwa fadarmu a ajiye mana sukari da ganyen shayi da tabarma sabuwa, a cika mana tanki, a ba kowa jika biyu da riga, mu yi ta zagaya gari muna oda. A zaɓen 2020 na yi wa jam'iyya uku wannan aikin cikin wata ɗaya. Wani abokinmu ya faɗi da babur a cikin ayari, ƙafarsa ta karye gida biyu. Wanda ya tara mu bai ko leƙo ba, mu muka yi karo-karo aka kai shi wajen mai ɗori. Har yau yana ɗingishi. Shi ya sa da na karanta labarin Inna na ji wani iri. Ita tana da abin da za ta nuna.

Hajiya_ta_Wadata:
Allah sarki ɗana. Allah ya ba abokinka lafiya, ya ba ku sana'a mai albarka.

Ɗaliba_a_Jami'a:
Ina karatun shari'a a nan Tawa, ina so in koma kan maganar Mushe. Kundin tsarin mulki na 2010, wanda aka dakatar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, a sashe na 12 ya ce kowane ɗan ƙasa yana da haƙƙin lafiya, da abinci isasshe, da ruwan sha, da ilimi. Haƙƙi, ba alfarma ba. Matsalarmu ita ce kowane shiri ana liƙa masa fuskar mutum. Wannan na Tanja ne, wancan na Isufu ne. Sai wanda ya gaje shi ya ga in ya ci gaba da shi sunan wani yake ɗagawa, ya bar shi ya mutu ya ƙirƙiro nasa. Ɗakunan shan magani nawa ne a ƙauyuka aka bari ba ma'aikaci, jemagu suka gaje su?

Yanzu ma a 2024 an rage kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje da rabi a asibitocin gwamnati, ba kuma jam'iyya ce ta yi ba. Na ji daɗinsa, kakata ta amfana. Amma tambayar Baba Majo tana nan: gibin da ragin ya bari, ana cike wa asibitocin shi a kan lokaci?

Majo_mai_ritaya:
Ɗiyata, kin fahimce ni sarai. Kuma ki ƙara da man motar asibiti. Aiki kyauta ne, amma kafin mace ta iso inda za a yi shi fa? A wasu gundumomi sai da aka ɗora dala ashirin kan duk wanda ya zo a duba shi, ana tarawa don ranar da za a ɗauki mai naƙuda cikin dare. Wannan dabarar ta ceci mata da yawa, kuma ba hoton kowa a jikinta.

Mushe_Ilela:
Tun da kowa ya faɗi nasa, bai kamata in tsaya ina gyara wa mutane magana kawai ba. Na yi shekara tara ina malamin makaranta ɗan kwantiragi kafin in samu lambar ma'aikacin gwamnati. Akwai lokacin da muka yi wata uku ba a biya mu ba, mai shagon garin da nake koyarwa ya rufe mini littafin bashi, iyayen yara ne ke aiko mini da tuwo. Duk da haka na zauna a jam'iyyata, don tun ina ɗalibi nake cikin gwagwarmayar da ta kai ga taron ƙasa na 1991, kuma manyanta malamanmu ne da 'yan ƙungiyar ƙwadago. Ina jin in na fita kamar na ƙaryata ƙuruciyata ne. Ga shi ina ce wa Hajiya ba a zama bawan mai gini, ni kuma na zauna ko ginin ba a yi mini ba. Na daɗe ina tunanin wannan.

Ɗan_Bilbis:
Na gode muku duka. Jiya da dare na kira ƙanwata ta kai wa Inna waya, na karanta mata wasu daga cikin maganganunku. Ta Mushe ta farko ta ce a gaya masa ta ji, kuɗin ƙasa ne, amma ai wani ne ya ce a yi. Ta Baba na Garkawa kuwa ta yi shiru, sannan ta ce ita ma ta tuna 2005, ta ce shekarar ce ta sayar da tasoshin aurenta.

Sai ta faɗi abin da ban taɓa sani ba. Ta ce zanen ba a kamfe ta samo shi ba. Matan jam'iyyar na garinmu suna da asusu, duk Laraba suna haɗuwa gidan shugabarsu. Daren da aka tafi da yayata, su ne suka kwance asusun suka biya kuɗin motar, ɗaya daga cikinsu ta cire zanen daga jikinta ta shimfiɗa mata a bayan motar don ƙarfen ya yi sanyi. Wannan zanen ne. Matar ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Inna ta ce cikin su goma sha biyu saura su uku, kuma har yanzu suna haɗuwa ranar Laraba.

Yar_Keita:
Allahu akbar. Allah ya jiƙan wadda ta shimfiɗa zanen.

Ɗaliba_a_Jami'a:
Amin. Yaya Ɗan Bilbis, don Allah in ka koma ka tambayar mini Inna, a cikin matan asusun nan akwai wadda ta taɓa barin jam'iyyar? In akwai, sun ci gaba da karɓar zubinta?

Ɗan_Bilbis:
Zan tambaye ta in sha Allah. Sati mai zuwa zan koma, zan kai mata maganin hawan jini.